Zomon da Ba Ya Cin Ganye

Wayata ce ta ja mini. Wani dare babu wuta, ina kwance ina latse-latse, na ci karo da bidiyon wani Ba'amurke ya rataya maciji a wuya kamar carbi, yana shafa shi yana kiransa da suna. Boa yake ce wa irinsa, na Kudancin Amurka. Da na ƙara tono sai na gano ashe wadda Amurkawa suka fi kiwo daga yankinmu ake kai musu: ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar curin fura idan ta tsorata, wadda ake lodi daga Togo da Benin da Ghana. Ba dafi, ba kuka, ba ruwanta da dusa. Ni da tumaki suka taɓa cinye wa jari, na ce ga kiwon talaka ya samu.

Wani gardi na samu a wajen Tashar Dukku. Ya zaro ta daga buhu ya ce, "Alhaji, wannan ko jariri sai ya kwana da ita." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan Alhajin ya sa na biya naira 15,000 ban yi tayi ba. Kafinta ya haɗa mini akwati mai raga, na ɓoye shi a ɗakin ajiya bayan buhunan masara, na ce wa uwargida zomo ne mai kunya.

"Abban Ummi, wane irin zomo ne ba ya cin ganye?"

"Na Turawa ne," na ce.

Yaran layinmu a Jekadafari suka kamo mini ɓera a kan naira 200. Na jefa shi ciki, na gyara zama in ga ikon Allah. Mesa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta yi shiru. Gardin bai faɗa mini cewa takan yi watanni ba ta ci komai ba, balle ga hunturu ya shigo. Ɓera kuwa bai san wannan azumi ba, dole na koma saya masa ƙuli-ƙuli. Cikin mako biyu ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, yakan hau kan mesar ya zauna kamar basarake a kan tumtum yana goge baki. Ita kuma idanunta suka yi fari-fari. Har na yi niyyar sayo maganin ɗigawa, ashe saɓa take shirin yi.

Yaran da suka kamo mini ɓeran ne suka tona ni. Tun da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a Makurdi a 2018, mutanenmu suka gama yarda cewa tsakanin maciji da kuɗi akwai magana. Mai shagon da ke bina bashin taliya ya fara gaishe ni da "ranka ya daɗe". Wani ɗan baffana ya taso takanas daga Kumo neman rance, yana magana yana leƙen ɗakin ajiya.

Ranar wata Talata da hantsi uwargida ta tsinci saɓar a madafa, doguwa, har da shatin idanu. Ihun da ta yi ya isa Bolari. Na ruga ga akwati: murfi a ɗage, mesa ta yi gaba, ɓera na ciki yana kallona. Kafin in juyo gida ya cika da taɓare da gora, wata maƙwabciya na yayyafa kananzir har cikin randa. Na hau turmi ina bayanin cewa ba ta da dafi, ita ma tsoronmu take ji.

Wani dattijo Batangale da ke haya a gidan gaba ya janye ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo. Kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta sare shi a gona, jini ya ƙi tsayawa sai da aka kai shi asibitin saran maciji na Kaltungo aka yi masa allura.

"Ɗana," ya ce, "a garinmu sai an kashe ake tambayar suna."

Na sauko daga turmin.

A bayan firji muka same ta, inda injin ke ɗumi, ta dunƙule sai ka ce gammo. Da ƙyar na ƙwace ta a hannun matasa. Gardi ya zo ya karɓi abarsa, bai mayar da ko sisi ba, ya kuma caje ni kuɗin acaɓa.

Uwargida ta yi yaji zuwa gidansu a Pantami. Da na je biko, surukina ya daɗe yana kallona ina durƙushe, sannan ya ce, "Malam, zomon ya samu lafiya?"

Ta dawo bayan kwana tara, da sharaɗin ko kaza ba zan saya ba sai ta gani da idonta. Ɓeran ya ɓalle, yanzu yana cikin masara da iyalinsa. Akwatin yana nan, katako mai kyau. Mai buƙata ya same ni bayan la'asar, amma kada ya yi sallama da ƙarfi.