Zuwa ga Mai Girma Murfin Sokawe

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata kana lafiya a duk inda kake kwance ƙarƙashin tsakar gidanmu a Yakasai. Tun ranar da birkila ya shimfiɗa tayil saboda bikin ƙanwata babu wanda ya sake sa ka a ido. Ya shafe ka da siminti, ya karɓi kuɗinsa, ya yi gaba.

Jiya da daddare bayan ruwan sama, sai masarautarka ta yi magana. Banɗaki ya kama ƙugi, ruwan da aka zuba ya ƙi wucewa, kyankyasai suka fito a jere suna gudun hijira. Kafin asuba, saƙon da muka yi shekaru muna aika maka ya fara dawowa.

Da masai ne irin na kakanninmu, sai a haska tocila ko a zura gora a ga inda ya kai, a kira masu yasa tun da rani, kafin ruwan Agusta ya ƙosar da ƙasa ta daina shan komai. Kai kuwa ɗan zamani ka shiga kulle. Da me za mu auna ka? Da duba?

Kai, wallahi ka ci amana! Da safen nan ni, magidanci da iyali, nake zagaya tsakar gida da taɓarya ina ƙwanƙwasa daɓe, kunne a ƙasa, ko zan ji inda ke da kogo, yara suna ta dariya. Hajiya ta rantse kana gefen rijiya. Allah ya kiyaye, ruwan alwalarmu ke nan. Yaya ya ce a'a, kana ƙarƙashin tanki. Muka fasa inda ya nuna, muka huda bututun famfo, wanda alhamdu lillahi rabonsa da ruwa tun bara.

Motar yasa ta zo ta tsaya a bakin titi, don lungunmu ko Adaidaita Sahu sai ya yi dabara. Direba ya ce mesa ba za ta kai ba, in ma ta kai, a ina zai zura ta? 'Yan gidan-kowa-da-akwai da ke shiga ko'ina da bokiti da durom, su ma cewa suka yi a nuna musu baki tukuna. Maƙwabci har ya fara zancen duba-gari.

Gobe wani birkilan zai zo da guduma. In ka shiga hannu, za a ɗago ka daidai da daɓe, a sa maka mariƙin ƙarfe, babba da yaro kowa ya riƙa taka ka.

Naka cikin toshe hanci,
Wani magidanci, Yakasai