Gardamar Fura a Unguwar Tudu

Mu nan Unguwar Tudu ba mu da otal, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Baƙon da ya sauka daga motar Kano yana neman inda zai hau kujera a miƙo masa takarda ya zaɓi abin da zai ci, sai dai mu nuna masa hanyar cikin Gwarzo. In kuwa cikinsa yake son cikawa, to ya yi alwala ya bi mu Magariba, in an sallame ya biyo sahu.

Wurin cin abincinmu ya girmi kowa a unguwar. Zaure ne na ƙasa da dakali a gabansa, azarar rufinsa ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin acibalbal na zamanin da ba mu gani ba. Duk wanda ka tambaya wa ya gina shi, sai ya ce kakansa ne ya kwaɓa ƙasar. In ka ƙirga masu kwaɓin, sai ka rasa wanda ya ɗora tubali. A nan muke ciyayya. Da an fito masallaci yara za su yi ta ɓullowa daga lunguna, kowanne da kwano a ka da na miya a hannu, su dire a bakin tabarma su koma da gudu.

Ciyayya tana da dokokinta, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Ba a buɗe kwano biyu lokaci guda. Ba mai buɗewa sai Baba, mai zauren, kuma shi ya san wanda zai fara jawowa: tuwon dawa da miyar kuka tukuna, tun yunwa tana da ƙarfinta, sannan na masara da busasshiyar kuɓewa. Kwanon ango kuwa a tura shi bayan tabarma sai ƙarshe, don an san man shanu na kwance a kai, wataƙila har da tsoka. Ba a yabon miya a fili, kada a ce ka sa wa gidan wani ido. Kushe aka halatta, shi ma a kaikaice. Ranar da gishiri ya zarce a kwanon Tela, ba mai cewa uffan sai an kusa suɗewa, sannan wani ya ɗago kai: "Yaya, jiya lafiya kuwa aka kwana a gidanka?" Shi ke nan an samu na hira har Lisha.

Abin da ba a taɓawa ko da wasa shi ne kwanon da bai fito ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, akwai daren da kwanukan ke raguwa. Masu gidajen da ba a ɗora tukunya ba suna zaune a inda suka saba zama, suna kai loma yadda kowa ke kaiwa, in an tashi kuma Baba ya kira yaro ya ce a kai ragowar cikin gida, bai faɗi wane gida ba. Yaron ya sani. A ganina wannan kaɗai ya isa ya hana zauren nan faɗuwa, ko da samarinmu sun fi son teburin mai shayi, inda kowa ke biyan kuɗin indominsa da ƙwansa ya ci shi kaɗai yana latsa waya.

To amma tuwo bai taɓa raba kanmu ba. Fura ce ke raba mu.

Da hantsi matan Fulani ke shigowa daga rugage, ƙore a jere a ka, su sauke a gindin tsamiya. Zuwa azahar mu kuma mun taso daga gona, kowa ya nemi gefen inuwa. A nan za ka ji ilimi. Mutumin da bai taɓa riƙe taɓarya ba zai kurɓi ludayi ɗaya, ya runtse ido, ya ce wannan geron bara ne, kuma inji ne ya niƙa shi. Abin haushin, sau da yawa ya canka daidai.

Furar gaske aikin wuni ce. A surfa gero a fitar da dusa, a wanke a rege tsakuwa, a baza ya tsane. A daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi har ya koma gari. A yayyafa ruwa a cura manyan dunƙule, a jefa a tafasasshen ruwa su dahu har ciki. Sannan a zo wurin da ake gane hannu, wato kirɓi. Da zafinta ake juye ta a turmi, mata biyu ko uku su yi ta lugude suna ɗan yayyafa ruwa, har ta yi laushi ta yi danƙo. Sai a mulmula, a birkiɗa a gari, a jera a ƙwarya a rufe da faifai. Furar da ta sha kirɓi, da ka danna ta da bayan ludayi sai ta miƙa wuya, ba gudaji ba gardama, kuma wanda ya sha ta da azahar ba ya waiwayar abinci sai rana ta yi sanyi. Ta inji kuwa, in ji malaman gindin tsamiya, ƙarfe-ƙarfe take yi a harshe, kuma tana sakin mutum tun bai kai bakin gona ba.

Nonon ma hawa-hawa ne. Kindirmo ne gaba: madarar da ta kwana a ƙwarya da ɗan ragowar na jiya, ba a cire mata mai ba, ta kama jikinta har ludayi na yankawa. Tsala ita ce wadda aka kaɗa aka kwashe man, aka ɗan sake ta da ruwa. Akwai na uku wanda mai shi ba ta faɗin sunansa: tsalar da ruwa ya yi wa yawa, aka ɗaure ta da garin 'ya'yan kuka, kwalba-da-nono, don ta yi jiki. Wannan tsohuwar dabarar rani ce, lokacin da shanu suka rame hantsa ta ƙafe. Mun san da ita, mun kuma yafe tuntuni. Nono abu ne mai rai. Na safe daban da na la'asar, don zafin rana na ƙara masa tsami. Na damina da shanu ke kiwon ɗanyar ciyawa daban da na bazara da suke tuƙar kara. Shi ya sa ba a yi masa alkawari.

"Inna, na yau ya kai na jiya kuwa?"

"Ɗanɗana ka ji, Kaɗo. Ni ce saniyar?"

Wanda ba mu yafe wa ba shi ne nonon gari. A sayo madarar buhu wadda jirgin ruwa ya kawo daga ƙasashen waje, a dama da ruwan ɗumi, a zuba ɗan tsohon nono a rufe, gari na wayewa ga kindirmo fari tas, ba saniya ba ruga. A birni an ƙara masa injin markaɗe da sukari da ƙanƙara, wasu har da kwakwa da dabino da ayaba, a ɗura a roba a manna takarda. A gindin tsamiya babu wanda bai yi tir da wannan fura ba. Wani ya ce ruwan alli ce, wani ya ce ita ke kawo ciwon sukari, wani ya rantse ko kyauta aka ba shi ba ya sha. Amma ranar kasuwar Getso, je ka laɓe kusa da mai firji ka ga su wa ke layi. Mu ne. Kowa ya karkata hula yana kallon gefe kada ya haɗa ido da maƙwabcinsa. In asiri ya tonu sai ka ji, "Kawu, ai yara na saya wa," ga shi kuwa farin na nan a gashin bakinsa. Sanyi ne ya ci mu da yaƙi, ba wani abu ba. Randa tana iya ƙoƙarinta, amma a watan Afrilu ba ta ja da ƙanƙara.

In za a bi diddigi ma, laifin bai tsaya kan mai firji ba. Wa ke kai geron kasuwa tun da kaka, 'yan sari su loda a mota sai Dawanau, sannan da bazara ya dawo yana awon tiya? Wa ke danƙa wa yaro kuɗin niƙa don ya gaji da jin ƙorafin ciwon kafaɗa? Wa ya nome burtali har saniya ta rasa hanyar mashaya, sannan ya zo yana tambayar me ya sa nono ya yi tsada? Ga kuma satar shanun da ta addabi maƙwabtanmu na ɓangaren Katsina, wadda ta tashi rugage da yawa. Ƙoren da ke sauka a gindin tsamiya sun ragu, kuma kowa ya ga haka da idonsa. Lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 ne kaɗai muka koma turba ba da son ranmu ba. Takardar naira ta ɓace, Inna kuwa ta ce ita ba ta san wani taransifa ba. Sai aka koma ba ni gishiri in ba ka manda, kwanon gero ƙwaryar nono. Tsofaffi suka ce ai da ma a haka aka faro.

Hedimastanmu mai ritaya, wanda ba ya rabo da rediyo, shi ya kawo mana labarin cewa ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. Ya ce a Ingila ma an yi ta, sai dai su a kan giya. A ƙauyukansu akwai tsofaffin gidajen ci da sha, wasu sun shekara ɗaruruwa, inda ake ajiye giya a ganga da ranta, tana ci gaba da nuna, a jawo ta da famfon hannu, in an buɗe ganga kuma kwana kaɗan take yi ta lalace. Sai manyan kamfanoni suka zo da wadda aka tace aka kashe, aka ɗura mata iska, ba ta lalacewa da wuri, kuma ɗanɗanonta ɗaya ko'ina. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiya mai suna CAMRA don kare ta gargajiyar. Mambobinta suka haura dubu 100, duk shekara suna buga littafi mai jera gidajen da za ka samu ta gaske, har kamfanonin suka dawo suna lallashi.

Liman ya ce a'uzubillahi, a rasa abin da za a kafa wa ƙungiya sai barasa.

"Allah gafarta Malam, ba abin cikin gangar nake nuna maka ba, taurin kan nake nuna maka."

Wani dattijo ya sa baki ya ce ai ba sai an je Ingila ba, Maguzawan ƙasar Kano da Katsina sun san wannan tun tale-tale: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya a niƙa, a dafa a bar ta ta tashi, kuma burkutu ma in ta wuce ranarta ta wuce. Liman ya tuna masa cewa an ƙaddamar da Shari'a a Kano tun 2000, Hisba kuma tana nan tun 2003, saboda haka ya san inda zai tsaya da tarihinsa. Dattijon ya ce shi ji ya yi, ba gani ba. Aka yi dariya aka bar ta a nan.

Hedimasta dai bai sauka ba. Ya ce furar da muke wasa da ita ta shiga littafin Turawa tun kafin su ci ƙasar nan. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya biyo ta Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, ya ambaci fura a labarin tafiyarsa. Abin da matafiyi ya sha a hanya shekara fiye da 170 da suka wuce, in ji shi, bai kamata a ce a hannunmu zai koma ruwan roba ba. Don haka ya kawo shawara mu ma mu kafa tamu ƙungiyar, ta masu kishin furar turmi da nonon saniya.

Nan take kowa ya amince, don mu ba a fin mu son ƙungiya. Shugabanci aka ba Baba ba hamayya. Sakatare Hedimasta, tunda shi ke da biro. A kan ma'aji aka kusa dambe, alhali ko sisi ba a tara ba. Aka zo kan dokoki. Ta farko, duk mamban da aka kama a layin mai firji zai sayi kindirmo ƙwarya guda a sha a gindin tsamiya. Wannan ta wuce da sauƙi, don kowa na ganin maƙwabcinsa za a kama. Ta biyu, kowane mamba ya bar taku uku a gefen gonarsa in ta yi iyaka da burtali. Aka ce wannan a ɗage ta sai bayan girbi, a yi nazari. Ta uku ita ce uwar tafiyar: daga ranar, gidan kowane mamba an daina kai geron fura inji, a koma turmi.

Aka rasa wanda zai fara kai wannan sanarwa cikin gida. Baba ya ce shi shugaba ne, ba a aiken shugaba. Hedimasta ya ce shi aikinsa rubutu. Daga ƙarshe aka tura Tela, tunda shi da ma gishirinsa ya riga ya saba zarcewa, ba abin da zai yi asara.

Washegari bayan Magariba aka tambaye shi yadda ta kaya da matarsa.

"Ta ce madalla da wannan ƙungiya. Ta ce turmi na nan, taɓarya ma biyu ce. Wai in na shirya, in taho da Hedimasta."