Awara da Baƙin Ƙwai: Ina Masu Yatsina Fuska?

To, mutanen Gyadi-Gyadi, a daina toshe hanci tukuna, ko ɓare ƙwan ba a yi ba. Ku kuma na Tarauni na ji ku, wai baragurbi ne aka yi wa kwalliya. Ba baragurbi ba ne, Hajiya. Baragurbi sakaci ke kawo shi, wannan kuwa da gangan Sinawa ke yin abinsu, suna kiransa pidan.

Ƙwan agwagwa ake samu, a kwaɓa toka da farar ƙasa da gishiri da ruwan ganyen shayi, a lafta masa, a mirgina shi cikin ƙaiƙayin shinkafa, a ajiye makonni ko 'yan watanni. Turawa sun ce wai shekara 100 yake yi. Wa zai jira? Kaifin tokar ne ke ratsa ɓawon ya dafa ƙwan ba wuta. In ka ɓare, farin ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana rawa, haske na ratsa shi, wani lokaci har da zanen reshe a jikinsa. Kwanduwar kuma ta yi kore-kore mai toka-toka, tsakiyarta da danƙo. Da zare ake yanka shi, don wuƙa kwanduwar ke kamawa.

Wari? Akwai ɗan bugun hanci, ban musa ba. Amma Malam, kai da ba ka cin tuwo sai miyar ta ji daddawa, kai ne za ka yi wa wani gorin wari? Ka taɓa tsayawa kusa da ɗakin da aka rufe kalwa kwana uku? Kuma wa ke jefa kanwa a ɗanwake, wa ke tace ruwan toka ya zuba a miya? A 2011 wani rubutu a shafin CNN ya saka ƙwan nan a sahun abinci mafi ƙyama a duniya, Sinawa suka yi ca, sai da aka ba su haƙuri. Ran da aka taɓa daddawa, na san har da ku a zanga-zanga.

Inda za mu yi rigima ta gaske ita ce awarar da Sinawa ke haɗa ƙwan da ita. Mu nan mun saba a zuba ruwan tsami, a ɗaure a buhu, a danne da dutse, a yanka, a soya ta yi ja, a bi ta da yaji da kabeji. Ta Sinawa a wannan haɗin ba ta ganin kasko. Lallausa ce, ba a matse ba, kuma da sanyinta ake ci. Ki je wurin mai awarar layinku da hantsi, ki ce ta ɗebar miki kafin ta danne. Za ta dube ki sama da ƙasa, ki daure. Ki ɗan tafasa awarar, ki tsane, ki sa a firji, in an kawo wuta. Sai ki jera ƙwan a kai, ki zuba soya sos, man riɗi, ɗan ruwan khal, tafarnuwa da lawashi. A Taiwan wasu na barbaɗa dambun naman alade, ke ki sa dambun naman sa, kin ma fi su.

Kada wani gwani ya tashi binne ƙwai a bayan gida da tokar murhu. In ma'aunin ya kuskure, baragurbin da Hajiya ke faɗa shi zai fito. A ƙasar Sin ma an sha fama da masu zuba sinadarin dalma don ƙwan ya yi saurin nuna, shi ya sa ake duba rubutun kwali kafin a saya. Wanda ke da abokin ciniki ɗan Sin a Kantin Kwari ya tambaye shi inda yake saye.

Ranar da za ki gwada, Hajiya, ki ɗora tuwon dare a gefe. Maigida zai ɗanɗana, ya ce madalla, sannan ya tambayi ina abincin.