Yadda Ake Zama Gwanin Fentin Mai Kafin Fentin Ya Bushe

Da farko, ɗan'uwa, sayi burushi ashirin. Uku za ka yi aiki da su. Sauran ka cusa a gwangwanin madara a bakin taga, don baƙo ya fara girmama ka tun bai ga zanen ba.

Sai fenti. Gode wa Allah da ka zo a makare. Kafin 1841, lokacin da Ba'amurke John Rand ya fito da bututun matsa fenti, niƙa launi ake yi da hannu, a kwaɓa da mai, a ɗura a mafitsarar alade. Shuɗi mai kyau kuwa daga wani dutse na Afganistan ake samo shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya. Kai matsawa kawai za ka yi, saboda haka matsa da yawa. Rowa ba ta yi wa gwani kyau.

Akwai doka guda da malamai ke nanatawa: shafen farko ya zama siriri mai ƙarancin mai, kowane shafe na sama ya fi na ƙasa maiƙo. In ka juya ta, na sama zai riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage kamar dugadugi a hunturu. Ba komai. Ka ce tsohon aiki ne, ka ƙara kuɗi.

Yanzu jira. Fentin mai ba ya bushewa yadda wanki ke yi. Man ne ke shan iska a hankali har ya daskare: kwanaki kafin a iya taɓawa, kusan wata shida kafin a shafa masa man ƙyalli. A tsakani ƙura za ta sauka, ƙuda zai liƙe, ƙanenka zai dangwala yatsa ya tambaya ko ya bushe. Kada ka dake shi. Duk salo ne. Tsumman da ya sha man linsid dai kada ka dunƙule shi a lungu, yana iya kama wuta da kansa, kuma wannan ba wasa ba ne.

In zumuɗi ya sa ka cakuɗa launi biyar, taɓo za ka samu. Nan ake gane mai ƙarfin hali. Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, da shuɗi aka san shi. Kai ma ka shelanta cewa ka shiga zangon ruwan ƙasa. Yatsu sun gagara? Sa wa mutumin babbar riga, hannu a ciki. Doki ya fito jaki? Shafe shi ka sake, ai hoton asibiti ya tona cewa manyan gwanayen Turai ma sun binne abin kunyarsu ƙarƙashin fenti. Sannan ja da baya taku uku, kanne ido, riƙe haɓa, ka ce "Hmm." Kada ka yi wa kowa bayani.

Batun kuɗi kuwa, zanen Tutu na Ben Enwonwu ya yi shekaru ba a san inda yake ba, aka tsince shi a wani gida a Landan, aka sayar da shi sama da fam miliyan ɗaya a 2018. Don haka kai wa gwaggo naka ta tura bayan kabad ta manta. Kafin shekara arba'in su cika, karɓi aikin allon mai askin unguwarku, don mai gidan haya bai san Enwonwu ba.