Jinjina ga Jarka, Gimbiyar Riƙon Amana

Ranki ya daɗe, Jarka, rawaya mai lita 25, ƙaramin baki babban ciki, wadda ta fara aiki da man girki ta ƙare da shayar da al'umma! Daga Kamarawa zuwa Isa, daga Isa zuwa Sabon Birni, babu kurar ɗan garuwa ko bayan jaki da ba ke ce a kai ba. Tulu ya yi murabus, randa ta koma lungu, ƙasar Gobir ta zama taki.

Babbar baiwarki ita ce riƙo. Wanda ya zura yatsa a wuyanki zai ji santsi mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wanda ya haska cikinki da tocila zai ga kore shar a shimfiɗe, dardumar da ko fada ba ta da irinta. Masana sun ce da furotin ya taɓa jikin roba, cikin daƙiƙoƙi yake mannewa. Shi ne mai shimfiɗa tabarma, ƙwayoyin cuta su zo su zauna, su kewaye kansu da ganuwar yauƙi. A shekarun 1960 Leo Vroman, ɗan asalin Holan mai bincike a Amurka, ya nuna cewa idan jini ya taɓa bango, furotin ɗaya kan sauka, wani ya zo ya ture shi ya hau kujerar. A fadarki baƙon bara yana nan daram, har ya ga jikoki.

Dubi wahalallun masana kimiyya, masu ƙin baƙo! Sun duƙufa suna dasa wa bango wani gashi na polima, wanda ido ba ya gani, mai jin tsamin ruwa a ma'aunin pH. Idan tsami ya yi yawa, ƙasa da 4.5, gashin ya naɗe ya kwanta. Idan tsami ya ragu, ya miƙe, ya sha ruwa, ya kumbura. Da wannan kwanciya da miƙewa suke ce wa furotin zauna ko tashi, kamar dogari a ƙofar zaure. Tun shekarun 1950 kamfanin Röhm na Jamus ya fito da Eudragit, rigar ƙwayar magani da ke jure tsamin tumbi, sai ta isa hanji ta narke. Duk wannan ɗawainiya don a saki abu a kan lokaci! Ke kuwa, uwar karamci, abin da ya shiga hannunki ya shiga ke nan.

Haka ƙanwarki, robar fenti mai ɗaukar nono zuwa kasuwa. Idan madara ta kai tsamin 4.6, furotin ɗinta ya dunƙule, ya laɓe a kowane karce na roba, yana jiran madarar gobe. Ƙwarya, baƙauya, takan yarda a kankare ta a shanya a rana. Ke, mai martaba, hannu ma bai isa ya shiga ba. Uwargida ta zuba tsakuwa da omo, ta girgiza har kafaɗa ta gaji, ki sallami na bakin ƙofa ki ɓoye na ƙuryar ɗaki. Alƙalawa, birnin Gobir mai ganuwa, ta faɗi a 1808. Taki ganuwar ko sinadarin kilorin sai ya yi da gaske.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka ɗaure miki gindi: masu girma, masu hangen nesa, masu aza harsashin famfo kowace kakar zaɓe, waɗanda suka kiyaye bututu daga lalacewa ta hanyar hana ruwa bi ta ciki. Su ne suka gane cewa mai gudun 'yan bindiga, da goyo a baya, ba ya bukatar komai sai ke da ruwan gulbi. A 2021 amai da gudawa ya ɗauke sama da mutum 3,600 a Najeriya, amma ko gezau rawaninki bai yi ba, nasu ma haka.

Allah ya ja zamaninki, Jarka. Masu haƙar kabari na gaishe ki, sun ce tun da kika hau, ba su taɓa rasa aikin damina ba.