Bari Babanku Ya Dawo

Ranar Asabar da la'asar muna zaune a dakalin ƙofar gidan Alhaji, mai shayi na fifita gawayi, sai ga tela ya ɓullo daga lungu da 'yarsa a kafaɗa, 'yar wata takwas, tana ta dalala masa miyau a wuyan riga. Ɗaya hannun kuma kofin koko da ƙaramin cokali. Ko sallama bai ƙarasa ba aka kwashe da dariya.

"A'a, tela! Yau kai ke da girki ke nan?"

"Saura majanyi. A miƙo masa zani ya goya mana mu gani."

Bai tanka ba. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya ce uwarta ta tafi barka, ya ci gaba da ba ta kokonta.

Mu dai haka muke. Namiji a cikinmu zai sayi itacen wankan jego, ya kawo gero da kanwa, ya yanka ragon suna ko da bashi ne. Amma ka ce ya riƙe jaririn minti goma, sai ya ce wuyansa bai yi ƙwari ba. Wuya ya yi ƙwari, ya ce fitsari zai ɓata masa tufafin salla. Yaro ya fara tafiya, shi ke nan an naɗa uba dodo: "Bari babanku ya dawo." Babur na tsayawa a ƙofar gida, ko'ina ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. In ɗan fari ne kuwa, ga kunya ta samar mana mafaka, ko sunansa ba ma kira.

Alhaji ya gyara zama. "Mu wa ya ga iyayenmu da cokalin koko? Ga mu kuma mun zama mutane."

Malam, wanda ke jan carbi tun ɗazu, ya ce, "Alhaji, kai a gandu ka tashi. Ga kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zaman uwa, hannu goma a kan yaro ɗaya. Kuma marigayi babanka ba a kan jaki yake ɗora ka zuwa gona ba? Ba a gefensa kake wuni a zaure ba? Yanzu fa? Ciki da falo na haya, mace ita kaɗai da 'ya'ya uku, miji ya fita da asuba, ya dawo sun yi barci."

A nan ni ma na ji an taɓa ni, don nawa sukan yi kwana biyu ba su gan ni ido biyu ba.

Malamin asibitin da ke haya a ƙarshen layi ya karɓe. Ya ce kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma ba tuwo kaɗai ke gina ta ba. Yaro ya yi gwaranci, ka amsa masa. Ya nuna akuya, ka ce "akuya". Ya yi dariya, ka mayar. Da wannan 'yar musayar baki ke buɗewa. In mutum biyu ke yi masa, ya ji kalmomi iri biyu, ya saba da hannu biyu. Wasan nan ma na maza, a zama doki a hau bayanka, a yi kokawar ƙarya a tabarma, a nan yaro ke koyon inda wasa ke tsayawa, da yadda zai riƙe kansa in ransa ya ɓaci. Jijjiga jariri da ƙarfi ne dai ya ce haɗari ne, kada a kuskura.

"Kai har bakwaini," in ji shi, "a ƙirji ake kwantar da shi, fata da fata, ɗumin jiki ya riƙe shi. A Bogota ta ƙasar Kolambiya aka fara a 1978, saboda ƙarancin kwalabar jarirai. Uwa ta gaji, ƙirjin uba ma yana yi."

"Da gashin ƙirjin nan na direba?" in ji mai shayi. "Ai sai yaron ya yi ta atishawa."

Direba ya ce a bar shi da gashinsa, shi dai ya ga abin mamaki a Damagaram: makarantar mazaje, inda magidanta ke zama kamar yadda muke ɗin nan, amma hirar awo da haihuwa da rigakafi suke yi. Wani ya tuna cewa a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa. Mai shayi ya ce shi wa zai ba shi? Ni kuwa na san mu: kwana bakwai karɓar 'yan barka, bakwai huce gajiyar suna.

Malam ya ce batun tufafin salla ma a daina fakewa da shi. Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce masa 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ai ba yabo ya samu ba.

Aka yi shiru, sai ƙarar cokali a kofi. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne, rabinmu muna yi a cikin ɗaki, labule a sake. Idon majalisa muke tsoro, kada a ce mijin-ta-ce.

Alhaji ya buɗe baki zai kare kansa ke nan, sai ga autansa ɗan shekara uku ya fito daga soro a guje, ba wando, ya kama masa gefen babbar riga.

"Baba, zo ka zama doki irin na jiya!"

Tela ya goge wa 'yarsa baki, ya ce, "Alhaji, a kawo linzami ko akwai a ciki?"