Runguma da Musafaha a Damargu

Likitocin zamani sun yi bahasi mai zurfi, har suka tabbatar mana cewa runguma tana kwantar da hankali, tana sassauta bugun zuciya, domin tana sa jiki ya fitar da wani sinadari da suke kira oksitosin. Wasunsu ma, a birnin Bogota, a shekarar 1978, suka gano cewa bakwaini yakan fi samun lafiya idan aka manna shi a ƙirjin uwarsa. Madalla da wannan ilimi, ko da yake matan Damargu, daga Tanut har Belbeji, sun daɗe suna surfen gero da goyo a baya ba tare da neman fatawar kowa ba.

Mushkilar tana ga manya. Dattijon da ya rungumi uwargidansa a bainar jama'a, lalle kafin magariba an nemo masa rubutun sha, kuma uwa ba ta ko ambaton sunan ɗan farinta saboda alkunya, balle ta rungume shi. Saboda haka rabonmu na wannan magani ya tsaya ga musafaha, wadda Bugaje suka naƙalta: tafi ya shafi tafi, a janye, a sake miƙawa, ana tambayar iyali da raƙuma da rijiya, har ladan ya kira azahar ba a kai ga lafiyar awaki ba.